Ajin da Na Buɗe wa Aku a Falo

Zuwa ga 'yata, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ƙanenki Auta da iyalinsa. Allah Ya tsare ku daga wannan ciwo da ya toshe hanyoyi, ya rufe makarantu, ya raba uwa da 'yarta. Ya ba ƙafafunki ƙarfin tsayuwar da kike yi a gaban inji tun safe har yamma, Ya sa albarka a cikin guminki. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya jiƙan mijinki, Ya kyautata namu zuwan.

Mu nan muna godiya ga Allah. Kawunki ya aiko da saƙo cewa ƙafar tasa ta yi sauƙi har yana taka ta zuwa ƙofar gida. Itacen lemon da mahaifiyarki ta shuka a bayan taga ya yi fure bana, ko da yake ba ni da ƙarfin ba shi ruwa yadda take ba shi. 'Yarki Aku ta yi tsawo, rigar makarantarta ta ɗage har matar tela maƙwabciyarmu ta sake mata kalmasa. Bakin nan nata kuma yana nan yadda kika bar shi. Har yanzu tana cewa ta fasa aurena, wai ba za ta zauna da angon da haƙoransa ke kwana a cikin kofi ba.

Kada ki yi mamakin ganin rubutuna ya karkace. Ke kin san hannun da na yi aikin akawu da shi, wanda ake kawo wa takardun manya ya kwafe. Yanzu rawa yake yi, sai na rubuta kaɗan in huta. Ina rubutun ne a ɓoye, a lokacin da Aku take wanka ko take shanya, kuma matar tela ce za ta ɗauki hoton shafukan da wayarta ta turo miki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Uwata. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Kin tuna da aka rufe makarantu kika aiko da wayar nan domin Aku ta riƙa bin darasi daga gida. Kin ce in kula, kada ta mai da ita abin wasa. Na riƙe wannan magana da hannu biyu, na ma riƙe ta fiye da yadda kika nufa. A lokacin Gwaggonta, yayar marigayi mijinki, ta yi magana cewa a kai mata yarinyar, tun da gidanta akwai manyan yara masu sanin waya, kuma ba a cika ɗauke musu wuta ba. Na ji haushi ƙwarai. Na ce mata da tsohuwar zuma ake magani, ni da na yi makaranta tun ana rubutu da tawada da alƙalamin ƙarfe, ba za a ce na kasa zaunar da yarinya ɗaya ta yi karatu ba. Gaskiyar da ban faɗa mata ba ita ce, tun rasuwar mahaifiyarki, muryar Aku ce kaɗai take hana gidan nan zama kango.

Sai na buɗe makaranta a falo, irin wadda na sani. Kowace safiya Aku za ta yi wanka, ta sa rigar makaranta, ta ɗauki jakarta, ta fito daga ɗaki ta yi sallama a ƙofar falo kamar wadda ta yi tafiya. Ni kuma in buga cokali a jikin kofi a matsayin ƙararrawa. Ta sa mini suna Hedimasta, tana cewa makarantar da ɗaliba ɗaya ce kuma ita ce mai shara, ita ce mai dafa wa Hedimasta shayi, ai ya kamata a ba ta lambar yabo. Na jawo teburin keken ɗinkin mahaifiyarki ya zama teburinta. Ita kuwa wayar, na ɗora ta can saman kabad, na jingina ta da gwangwanin madara, domin a wurina ita ce allo kuma ita ce malama. A zamaninmu ɗalibi ba ya taɓa allo sai an kira shi, ba ya kusantar teburin malami, yana zaune hannuwa a harɗe. Mai gyaran waya na bakin titi ya nuna mini inda zan danna a shiga aji da inda zan danna a fita. Iyakar abin da na koya ke nan, na kuma kafa doka cewa ni kaɗai ke taɓa ta.

Tun a farkon kwanakin Aku ta ce mini akwai wani wuri da ake dannawa kafin Malama ta ji muryar mutum, akwai kuma wani kafin ta ga fuskarsa. Na yi dariya. Na ce mata na girmi wannan wayo, so take ta sa hannu a wayar ta lallaɓa wurin wasanni. Na ce ai hanyar da ta kawo muryar Malama ita za ta mayar da tata, haka waya take tun da aka ƙirƙiro ta, in kana jin mutum shi ma yana jin ka. Ta sake faɗa, har da hawaye, na ce in ta ƙara zan gaya miki ta fara gardama da manya. Daga nan ta yi shiru da zancen. Kin san tarbiyyar da kika yi mata.

To, ga yadda abin ya riƙa kasancewa. Malama za ta kira sunan Aku, sai Aku ta miƙe tsaye kamar yadda na koya mata, ta amsa da ƙarfi. Sai mu ji Malama ta ɗan jira, sa'an nan ta ce yau ma ba ta nan, a wuce na gaba. In an yi tambaya Aku ta ɗaga hannu a falo har kafaɗarta ta gaji, ba mai ganinta sai ni da kabad. Na ce ta ɗaga murya. Ta ɗaga har matar tela ta leƙo ta katanga tana tambaya wa ake faɗa da shi da sassafe. Ni kuwa sai na ɗora wa Malama laifi. Na ce 'ya'yan masu hali take kira, ta raina marainiya. Har na fara tsara ƙarar da zan kai wa shugaban makarantar in an buɗe. Aikin gida kuma, Aku tana yi a littafinta, ni ina bi da jan biro ina maki, ina jin daɗi. Ban san ana ɗaukar hotonsa a tura ba. In kin kira da yamma ni ke riƙe da wayar, in ce miki karatu yana tafiya daidai, Aku tana gefena ta ce haka ne. Rashin sani ya fi dare duhu. A hankali yarinyar ta daina miƙewa, ta daina ɗaga hannu, sai ta zauna tana kallon saman kabad kamar mai kallon ruwan sama ta taga.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, ana darasin lissafin rabi da kwata. Wayar ta ɗan zame daga jikin gwangwanin, na tashi in gyara ta. Ban kai kabad ɗin ba. Na ji falon ya juya, ƙafafuna suka zama kamar ba nawa ba, na faɗi tsakanin kujera da teburin keke. Uwata, ban suma ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ina ji, ina gani, amma harshena ya yi nauyi kamar an ɗaure masa dutse, hannuna na dama ya ƙi ɗaguwa. Ina kallon ƙafar tebur da ƙurar da ke ƙarƙashinsa, ina jin Malama can sama tana tambaya in an raba lemo gida huɗu aka ɗauke ɗaya saura nawa. Aku tana jijjiga ni tana kiran Kaka, Kaka, ba Hedimasta ba. Ina so in ce mata kada ta ji tsoro, sai wani gurnani ya fito daga bakina wanda ya ƙara firgita ta.

Ta fita da gudu. Na ji tana buga ƙofar gidan tela, amma matar ta tafi ɗebo ruwa, shi kuma yana shago. Ta buga ta gaba, ba a buɗe ba. Ba na ganin laifin kowa, yanzu mutane in sun ji ana kuka a ƙofa ciwon nan suke fara tunani. Ta dawo tana haki. Na ga ƙafafunta sun tsaya a gaban kabad, sun ɗan yi jinkiri, kuma na san dokata ce ta tsayar da su. Sai ta jawo kujera ta hau. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni dai ina kwance a ƙasa, yarinya ta hau kujera ta danna wurin da ta daɗe tana gaya mini. Muryarta ta farko da ajin ya ji tun da aka rufe makaranta ita ce ihun cewa kakanta yana mutuwa.

Allah Ya saka wa Malamar nan da alheri, Ya yafe mini zargin da na yi mata. Nan take ta sallami sauran yaran, ta tsaya da Aku. Ta sa ta juya idon wayar ta gan ni. Ta ce ta mirgina ni a gefe, ta kwance mini maɓallin wuya, ta buɗe taga, kuma kada ta kuskura ta ba ni ruwa. Ta ce ta ɗauki murfin tukunya da ludayi ta tsaya a ƙofa ta yi ta bugawa har wani ya fito. Ita kuma ta can ta nemo ma'aikacin lafiya da wata wayar. Duk wannan lokaci ba ta daina yi wa yarinyar magana ba, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ƙarar murfin ce ta dawo da matar tela daga famfo, ta bar bokitinta a hanya.

Ma'aikacin lafiyar ya zo da takunkumi a fuska, ya gwada ni. Kafin la'asar harshena ya saki, hannun ma ya dawo, sai dai ba kamar da ba. Ya ce jinina ne ya hau ƙwarai, kuma wannan gargaɗi ne kawai. Ya ce irin wannan yakan dawo, in ya dawo kuma ba ya cika yin sauƙi irin na farko ba. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce asibiti a cike yake da masu ciwon nan, zamana a gida ya fi, muddin akwai babba a kusa. Ya tambaya wa ke kwana da ni. Na nuna masa Aku. Ya dube ta, ya dube ni, ya rufe jakarsa ya tafi.

Washegari Malama ta nemi magana da ni. Ta gaishe ni da ladabi, tana ce mini Baba. Ta ce duk tsawon zangon nan abin da take gani a wurin Aku baƙin fili ne da suna a ƙasa, ba murya, ba fuska, ba aikin gida ko ɗaya, har ta ɗauka yarinyar tana kunna waya ne ta tafi wasa. Ta ce ta sha kiran lambar da ke rubuce a makaranta ba ta shiga. Lambar mahaifiyarki ce, Uwata, ba wanda ya tuna ya canza ta. Da na gaya mata a gida Aku muke kiran yarinyar saboda surutu, ta yi dariya. Ta ce jarrabawar da za ta kai su makarantar gaba tana nan tafe ko an buɗe ko ba a buɗe ba, kuma Aku tana da ƙwaƙwalwa, za ta iya cim ma sauran in hankalinta ya kwanta wuri ɗaya. Ta ce ba za ta tsallake ni ta neme ki ba, amma ta roƙe ni in gaya miki da kaina.

Na sauko da wayar daga kabad. Yanzu tana kan tebur a gaban Aku, ita ke dannawa, ita ke tura aiki, ni na koma gefe na ajiye jan birona. Na ɗauka shi ke nan an gyara. Ashe babbar ɓarnar tana gaba, kuma ita ce dalilin wannan takarda.

Aku ba ta kallon Malama. Ni take kallo. Ta juya teburin yadda kujerata za ta kasance a gabanta. In na yi tari sai ta miƙe. In na motsa ƙafa sai bironta ya tsaya. Malama za ta kira sunanta, yanzu da ake jin ta sarai, sai ta ce a maimaita tambayar, domin hankalinta yana kan ƙirjina tana duba ko yana ɗagawa. Rannan gyangyaɗi ya ɗauke ni ana tsakiyar darasi, na farka na ji ɗan yatsanta a ƙarƙashin hancina. Da ta ga na buɗe ido sai ta ce wai ƙuda take kore mini, ta ƙara da cewa angon da ke barci a aji ai bulala ya kamata a yi masa. Ta yi dariya, amma ba ta ɗauke ido daga kaina ba. In ta shiga wanka takan bar ƙofa a ɗan buɗe, tana kiran Kaka lokaci-lokaci, sai na amsa take ci gaba da zuba ruwa. Ita ke tuna lokacin ƙwayoyina. Ta rame. Lissafin da take yi kamar wasa a da, yanzu sai ta zauna a kansa har a tashi ba ta gama ba.

Ta kuma sa na yi mata alkawarin ba zan gaya miki ba. Ta ce in kin ji za ki sa Gwaggo ta ɗauke ta, in kuma aka ɗauke ta, wa zai buga murfin tukunya in na sake faɗuwa. Yarinyar da ba ta gama firamare ba ke wannan lissafi. Na ce mata to, na yi alkawari. Ga shi ina karya shi, Allah Ya yafe mini.

Ina jin tsoro, Uwata, ban taɓa gaya wa ɗayanku wannan kalma ba. Ina tsoron kowace miƙewa da zan yi daga kujera. In na ji ɗan jiri sai in riƙe hannun kujerar in yi ta salati a zuci, ina murmushi don kada ta gane. Ina tsoron gidan nan in ba ta cikinsa, domin na san shirunsa, na ɗanɗana shi a makonnin da suka biyo bayan rasuwar mahaifiyarki, lokacin da kuka tafi da Aku hutu. Ina tsoron in faɗi a bayan ƙofa a rufe, in yi ta kallon ƙafar tebur har rana ta faɗi ba wanda ya sani. Amma akwai tsoron da ya fi waɗannan duka. Ina tsoron ranar da za ta sa yatsa a ƙarƙashin hancina ta ji ba komai, ita kaɗai a falo, da rigar makaranta a jikinta. Wannan ba zai fita daga ranta ba har ta tsufa. Kuma ko da Allah Ya ja kwanana, in ta ci gaba da gadina haka za ta faɗi jarrabawar, ni ne kuma sanadi sau biyu: da farko na hana a ji ta, yanzu na hana ta ji.

Saboda haka ga roƙona. Ki kira Gwaggonta ki ba ta haƙuri a madadina kan maganar da na gaya mata, ki ce ta zo ta ɗauki yarinyar a ƙarshen makon nan, tun da unguwarsu ba a hana shiga ba. A tafi da wayar da cajarta da littattafan, da teburin keken ma in za a samu mai ɗauka, ta saba da shi. Ki ba Malama lambarki da ta Gwaggo. Ke kuma kada ki ce za ki bar aikinki ki kamo hanya, hanyar ma a rufe take, kuma da wannan aiki kike riƙe da mu duka. Matar tela ta ce za ta riƙa leƙo ni safe da yamma, ta karɓi makulli ɗaya, mijinta kuma ya ce in na buga bango da sanda za su ji. Na san wannan bai kai mutum a cikin gida ba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannun yarinya.

Aku za ta yi kuka, za ta ce na ci amanarta. Ku bar ta ta faɗa, gaskiya ce. Kada dai ku ce mata don ta kasa ne. Ki gaya mata ba ta kasa komai ba, ita ta ceci kakanta, kuma aikinta ya ƙare a nan.

Ki gaishe mini da Auta, ki ce masa ya rage yawo a cikin mutane. Ki gaida maiɗakinsa da 'yan biyunsu, da uwar ɗakinki mai gidan da kike haya, wadda kika ce tana ajiye miki ruwan zafi, Allah Ya biya ta. Ki gaida abokan aikinki duka. Kawunki da matar tela suna gaishe ki. Aku ba ta san ina rubutu ba, amma na san da ta sani da ta cika shafi guda da gaisuwa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mafi muhimmanci. Na san da kin gama karantawa za ki kira. Zan ɗauka, Aku tana gefena tana kallon bakina. Za ki tambaye ni jiki, zan ce miki garau nake, tsufa ne kawai da ɗan jiri. Zan ce matar tela ta cika zuzuta abu. Wataƙila ma in ce na sake tunani, a bar yarinyar zuwa bayan jarrabawa, kuma zan faɗe shi da muryar da kika saba yi wa biyayya tun kina ƙarama. Na san kaina, in na ji motsinta kusa da ni ba zan iya cewa a ɗauke ta ba. A wannan karon kaɗai, Uwata, na ba ki izini ki saɓa mini. Ki bi takardar nan, kada ki bi muryata.

Allah Ya yi miki albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mahaifinki mai sa miki albarka kullum,
Kakan Aku.